Darasi na Sha Ɗaya: Bin Sawun Matsalar Wuta a Motar da Ake Ja

A Amurka da Kanada akwai wata irin mota da ake gina wa ɗaki a baya, da gado, da wurin girki, da banɗaki, mutum ya kwashi iyalinsa su yi wata da watanni suna yawon ƙasa a cikinta. Kamfanin Winnebago ya fara ƙera tasa a garin Forest City na jihar Ayowa a 1966, yau kuma yankin Elkhart na jihar Indiyana shi ne cibiyar wannan sana'a. Manya daga cikin motocin suna kai ƙafa 45 a tsawo, wato sun ɗara mita 13. Abu mai wannan girma ba a kutsa kai da shi cikin lungun gari don yin cefane. Saboda haka masu su kan ɗaura ƙaramar mota a baya da ƙarfen ja, tayoyinta huɗu a ƙasa, ba kowa a cikinta, in an isa masauki a kwance ta a shiga gari. Jeep Wrangler na cikin waɗanda aka fi ja ta wannan hanya.

Ƙaramar motar nan tana tare fitilun bayan babbar. Direban da ke biye ba ya ganin komai sai bayanta. Dole ne ke nan duk abin da babbar ta yi, ƙaramar ta nuna: an taka birki, jar fitilarta ta kama, an ba da sigina, tata ta ƙifta, dare ya yi, fitilar fakin ta haska. Igiyar waya guda ce ke ɗauke da wannan saƙo tsakaninsu, kuma a kanta darasinmu na yau yake.

Wani zai ce, ina ruwanmu da motar yawon Amurkawa? Na zaɓe ta ne domin a nan matsalar ta fi fitowa fili: motoci biyu, kowace da batirinta da tsarin wayarta, ana so su yi magana da baki ɗaya. Wanda ya gane wannan, 'yar tirelar da ake jan janareta da ita ba za ta ba shi wuya ba, haka kan tirela da bodinta. Ban da haka, motocin tokumbo da ke shigowa daga Amurka wasunsu suna zuwa da soket ɗin ja a ƙarƙashin bamba, kuma wata rana za a kawo muku ɗaya.

Wace waya ce ta me

Mafi sauƙin filogi a Amurka shi ne faffaɗan nan mai baki huɗu. Farar waya ita ce ta bodi, wato nagetif, hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Mai ruwan ƙasa ta fitilar fakin ce. Rawaya ta siginar hagu ce haɗe da birki, koriya kuma ta siginar dama haɗe da birki. Ku lura, babu wayar birki ta daban. Dalili shi ne motocin Amurka da yawa ƙwan fitila ɗaya ne ja ke yin aikin birki da na sigina. Kun sha ganinsu a hanya, in sun ba da sigina jar fitilar ce ke ƙiftawa. Motocin Turai kuwa siginarsu ruwan goro ce, ƙwanta daban, wayarta daban. Shi ya sa filogin Turai mai baki bakwai, wanda aka tsara bisa ƙa'idar ISO 1724, yake da jar waya ta birki ita kaɗai, da rawaya ta hagu, koriya ta dama, fara ta bodi, baƙa da mai ruwan ƙasa na fakin hagu da dama, sai shuɗiya ta fitilar hazo. Idan babbar mota mai raba birki da sigina ce, ƙaramar kuma mai haɗawa ce, sai an sa wani ɗan akwati a tsakani wanda ke karɓar waya uku ya mai da su biyu. Ba tare da shi ba, ko birki ya yi aiki sigina ta ƙi, ko sigina ta yi birki ya ƙi.

Ga tarkon da ya fi kama sababbin hannu. Masu ƙera motoci masu ɗaki suna da nasu tsarin launi a filogi mai baki bakwai: a wurinsu koriya ce ta fakin, ja ta siginar hagu, mai ruwan ƙasa ta siginar dama. Wato koriyar waya a wannan igiya siginar dama ce, a waccan kuma fakin ce. Haka filogi mai zagaye mai baki shida, wanda aka fi sa wa motar da ake ja: bakinsa na tsakiya wasu wutar batir suke ba shi, wasu wayar birki. Launin waya alama ce kawai, ba shaida ba. Kada ku haɗa waya da waya don launinsu ya zo ɗaya, sai kun gwada kun ga abin da kowace ke ɗauke da shi. Ku kuma tuna cewa zanen soket in an kalle shi ta gaba, juyin wanda aka kalla ta baya ne. Wanda ya manta da wannan, zai ba da siginar hagu ƙaramar mota ta nuna dama, kuma a kan babban titi wannan kuskure yana iya cin rai.

Ƙwai ɗaya, iyayen gida biyu

Hanya uku ake bi a ba ƙaramar mota fitila. Ko a manna mata fitilu masu maganaɗisu a bayanta, ko a huda gidan fitilarta a ƙara wani ƙwan da ba ruwansa da wayar motar, ko kuma a yi amfani da ƙwayayen fitilarta na asali. Hanya ta uku ta fi tsafta a ido, ita ce kuma ta fi kawo ciwon kai, domin ƙwai ɗaya ya samu masu ba shi umarni biyu. Wutar da ta taso daga babbar mota, in ta iso ƙwan, ba za ta tsaya nan ba. Za ta bi wayar ƙaramar motar ta yi gaba har cikin makunninta da kwamfutarta.

Maganin wannan shi ne dayod, ɗan abin da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya, ya tare ta in ta juyo. Wanda ake sayarwa don wannan aiki yana da baki biyu na shiga da ɗaya na fita. A yanke wayar fitilar, ɓangaren da ya fito daga cikin motar ya shiga baki ɗaya, wayar da ta taso daga babbar mota ta shiga na biyu, bakin fita kuma ya tafi ƙwai. In aka juya shi, fitila ba ta kamawa sam. In kuma ya ƙone ya haɗe, sai ku ga abin mamaki: an kunna fakin a babbar mota, fitilun dashbod ɗin ƙaramar sun kama. Gwada shi ba wuya. A cire shi, a sa mita a alamar dayod, ta gefe ɗaya za ta nuna wajen 0.5 zuwa 0.7, in aka juya wayoyin mitar kuma kada ta nuna komai. In ta nuna ta gefe biyu, ko ta ƙi ta gefe biyu, dayod ya tashi aiki.

A raba gardama a bakin soket

Yanzu an kawo muku aiki, an ce fitilun ƙaramar mota ba sa yi. Abin da hannu ke ƙaiƙayin yi shi ne a buɗe gidan fitila a canza ƙwai. Ku danne wannan ƙaiƙayi. Tsakanin ƙafar direba da wancan ƙwan akwai makunni, da fiyus, da soket biyu, da filogi biyu, da igiya, da dayod, da waya mai tsawon mita goma sha wani abu. Canza kaya bisa zato cin kuɗin mai mota ne da cin lokacinku.

A fara da sa wa tayoyi waigi, a ja birkin hannu. Sannan a zare igiyar daga bayan babbar mota. Da wannan zarewa ɗaya an raba aikin gida biyu, kuma tambayar farko ita ce: wuta tana isowa bakin soket ɗin nan ko ba ta isowa? Mutum ɗaya ya zauna a kujerar direba, ɗaya ya tsuguna a baya da fitilar gwaji. A maƙala ƙugiyar fitilar a bakin farar waya na soket ɗin kansa, ba a jikin ƙarfe ba tukuna, domin ana so a gwada hanyar komawar ita ma. A kunna fakin, a taɓa bakinsa. A ba da hagu, a ba da dama, a taka birki, kowanne a taɓa nasa. In duka suka ƙi, sai a mai da ƙugiyar jikin ƙarfe mai tsafta a sake. Suka kama a nan, to farar wayar babbar mota ce ta saki. Ɗaya kaɗai ya ƙi, a nemi fiyus ɗinsa. Motoci da yawa, har da na Ford da ake gina waɗannan ɗakuna a kansu, suna ware wa soket ɗin ja fiyus da rilei nasa daban, shi ya sa fitilun babbar mota ke iya yin aiki ras alhali soket ɗin a mace yake.

In soket ya ba da komai daidai, babbar mota ta wanke kanta, kada a sake taɓa ta. A mayar da igiyar a gefe ɗaya, a gwada ɗaya bakin nata. A nan a riƙa lanƙwasa ta ana girgizawa, musamman daf da wuyan filogi, domin can waya ke karyewa a ciki roba kuma tana nan lafiya a waje. A duba tsawonta ko ta taɓa jan ƙasa, ko ƙarfen ja ya matse ta a kwana. Igiya ta wanke kanta, sai a shiga ƙaramar mota, daga soket ɗin gabanta zuwa dayod, daga dayod zuwa ƙwai. Inda wuta ta shiga ba ta fita ba, nan ɓarawon yake.

Ina so ku fifita fitilar gwaji a kan mita a wannan mataki, ga kuma dalili. Mitar zamani kusan ba ta jan wuta, don haka ko sili ɗaya ne ya rage a waya, ko tsatsa ta cinye baki saura ƙiris, za ta nuna muku bolt 12 cif. Ku ɗauka lafiya lau, ku wuce wurin. Ƙwan fitila mai wat 21 kuwa yana jan amfiya 1.75, kuma haɗin da ya ruɓe ba zai iya ciyar da shi ba, sai ya yi ja-ja ko ya ƙi kamawa. Amma a bakin soket da igiya ake wannan gwaji. Wayoyin da ke fitowa daga kwamfutar sababbin motoci ba a soka musu ƙwai mai nauyi, mita ake sa musu.

Farar waya

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da za ku tafi da shi gida daga wannan darasi, wannan zan zaɓa. Wuta ba ta zuwa inda ba ta da hanyar dawowa. In aka toshe mata hanyarta, ba ta haƙura, sai ta nemi wata, kuma wannan neman hanya shi ke haifar da alamun da ke sa mutum ya ce motar aljanu ne da ita.

Ku ɗauki ƙwan fitilar baya mai zare biyu ku ɗaga shi a haske. Amurkawa suna kiransa 1157, na Turai kuma P21/5W. Za ku ga zare mai kauri na birki, da siriri na fakin. Kowanne yana da nasa ɗigon dalma a gindi inda wuta ke shiga, amma dukansu a jikin ƙarfen ƙwan suke fita. To a ce wannan mafita ta yi tsatsa. An taka birki, wuta ta ratsa zare mai kauri, ta zo fita ta tarar ƙofa a rufe. Sai ta juya ta bi siririn zaren ta baya, ta faɗa wayar fakin, ta ƙetara ɗaya gefen motar, ta sami mafita a can. Sakamakon haka fitilu da yawa su yi haske dishi-dishi, ko a ba da siginar hagu ta dama ma ta riƙa ƙiftawa a raunane. In kuma fakin a kunne yake aka taka birki, zaruruwan biyu suna da bolt 12 ta kowane gefe, wuta ba ta da inda za ta gangara, sai fitilar ta mutu ɗungurungum a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Duk sanda kuka ga fitila tana yin aikin da ba a sa ta ba, ku fara zargin wayar bodi kafin komai.

An taɓa kawo mana wata akori-kura mai jan 'yar tirela da irin wannan ciwo. Na dawo daga sallar azahar na tarar yarona ya jera ƙwayaye uku a kan bamba. Ya ce, "Oga, duk na canza, kuma mita tana nuna wuta, amma da an taka birki sai su ɗauke." Na ce ya bi farar waya da yatsa har inda ta ƙare. Ya bi ta har ƙarƙashin ƙarfen ja, inda aka ɗaure ta da noti a kan fenti. Da ya kwance, ƙarƙashin zoben bakin wayar ya yi kore-kore kamar tsohon kwabo, ga wani farin gari yana zuba. Ya goge da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure tam, ya shafa giris a kai. Fitilu suka dawo, da ƙwayayensu na asali.

Wasu kan bar farar waya a sake, su ce ai ƙarfen ja ya haɗa motocin biyu, wuta za ta bi ta nan. Tana bi, wani lokaci. Amma ƙarfen ja yana da gaɓoɓi masu motsi, cike da giris da ƙura, shi ya sa fitilun ke yi a tsaye, su riƙa ɗaukewa a gargada. Ban yarda da wannan aiki ba, kuma kada ku sa hannunku a cikinsa. A ja waya ta musamman daga ƙarfen babbar mota zuwa ƙarfen ƙaramar, kaurinta kada ya gaza na sauran, domin ita kaɗai ke ɗauko wutar dukansu a dawowa.

A nan mita take da ranarta. A kunna fitilu, a sa baƙar wayar mita a ƙarfen babbar mota mai tsafta, ja kuma a jikin gidan ƙwan ƙaramar. Lafiyayyar hanya kusan sifiri za ta nuna. In ta haura rabin bolt, akwai inda wuta ke shan wahala. Ku tuna dama akwai asarar da ba makawa. Waya mai lamba 16 tana da turjiyar kusan om 0.013 a kowace mita. Mita 20 zuwa da dawowa, da wutar amfiya 2, an rasa wajen rabin bolt. Dayod ya ci nasa 0.7. Sama da bolt ɗaya ya tafi ke nan tun kafin tsatsa ta karɓi rabonta.

Fiyus mai yawan ƙonewa, da batir mai mutuwa

Fiyus da ke ƙonewa da zarar an sa shi, waya ce ta goge ta taɓa bodi. Kada a sa wanda ya fi shi girma, kada kuma a naɗa silin waya a gurbinsa, domin daga nan igiyar ce za ta zama fiyus, ta narke ta ta da gobara. Jan fiyus amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kuma irin wanda aka cire shi ake mayarwa. Don gano inda wayar ta taɓa, a haɗa fitilar gwaji a bakin fiyus ɗin biyu. Muddin taɓawar tana nan za ta haska sosai. A riƙa zare sassa ɗaya bayan ɗaya, wanda aka zare hasken ya faɗi, a cikinsa matsalar take.

Wani kukan da masu waɗannan motoci ke yawan yi shi ne a isa masauki a tarar batirin ƙaramar ya mutu. Wasu motocin sai an murɗa makulli mataki ɗaya sitiyari ke sakewa, a haka kuma rediyo da sauran kaya suna shan wuta yini guda injin ba ya caji. Ga na'urar birkin ƙari da ake sa wa ƙaramar, ita ma daga batirin take sha. Ana magance wannan da wayar caji mai kauri daga babbar mota, da fiyus a kowane ƙarshe kusa da batir, tunda batir biyu ne ke iya tura wuta cikinta. Cikakken batir a huce yana nuna wajen bolt 12.6. In injin babbar mota yana aiki, igiya a haɗe, ya kamata a ga sama da 13 a kan batirin ƙaramar. Ba a gani ba, wayar caji ba ta aiki. Ita na'urar birkin tana da wani tasirin kuma: tana danna fedar ƙaramar mota, fitilar birkinta ta kama da wutarta ta kanta, ta danne siginar da ke zuwa ta ƙwai ɗaya. Alamarsa sigina tana ƙiftawa lafiya, da an taka birki ta tsaya cak. Rilei ake sawa ya katse wutar birkin ƙaramar muddin ana janta.

Gargaɗi ɗaya ga masu aikin manyan motoci. Kan tirela irin su DAF da MAN bolt 24 suke amfani da shi, ƙananan motoci kuma 12. Wanda ya jona fitilun ƙaramar mota kai tsaye da soket ɗin irin waɗannan, ƙwayayen za su ƙone nan take, wataƙila har da abin da ya fi ƙwai tsada.

Aiki

Kowa ya zana filogi mai baki huɗu a littafinsa, ya rubuta aikin kowace waya. Sannan ya amsa wannan da bakinsa, ba da hadda ba: an kunna fakin fitilun baya sun kama, an taka birki ta hagu ta mutu. Ina za ka fara dubawa, kuma wace hanya wutar ta bi?

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowannenku ya haɗa fitilar gwaji tasa: ƙwai mai wat 21, da gidansa, da waya mita biyu, da ƙugiya a baki ɗaya, ƙusa mai tsini a ɗayan. Ku zo da ita, ku zo da guntun samfefa. Akwai 'yar tirela a harabar makaranta da na ɓoye wa matsala uku, kuma ba wanda zan ba sabon ƙwai sai ya nuna mini inda wuta ta tsaya.